Surukuwata da Ta Sa Ake Buɗe Goyo

Daga Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Surukuwata, uwar matata, wadda garinmu duka ke kira Inna Majo, ta koma ranar wata Talata da hantsi, a lokacin da gero ya fara fid da kai.

Kafin a gama gyara kabari ƙofar gida ta cika. Amalanken jakai sun jeru tun daga gindin itacen bedi har bakin rijiya. Mutanen Cadakori sun zo, na Gidan Sori sun zo a kan moto mai ƙafa biyu, mutum uku-uku, wasu Fulani daga wajen Sae Sabuwa sun tako da ƙafa. Mata da yawa sun zo da yara, ba don sun rasa mai riƙe musu ba. Kowace sai ta turo nata gaban matata ta ce, "Kin ga wanga? Da hannunta ta hura mashi iska." Wata ta ce, "Tawa har an ɗauko zanen rufa ta, Inna ta ce a dakata." Wata tsohuwar Bafulatana ta zauna a bakin zaure, ta ƙi shiga, ta ƙi shan fura. Ta ce ita ba gaisuwa ta kawo ba, so take ta ga inda za a sa Inna, don in jikanta ya girma ta kawo shi ta nuna masa.

A gefen maza maganar daban ce. Ina zaune a tabarmar karɓar gaisuwa, kaina a sunkuye, ina jin su.

"Allah ya jiƙan rai. To, ɗakin yara na gidan likita kuma ya ƙare."

"Sai a koma ɗaukar su Maradi."

"Wanda ya kai Maradin ke nan."

Taubashinta, dattijon da ke shugabantar kwamitin gidan likita, shi ya fi kowa kuka. Shekara da shekaru suna tsokanar juna, yanzu ba mai rama masa. Ya goge ido da bakin rawani, sannan ya ce a hankali, ba da mugunta ba, "Mun yi rashin uwa. Amma zancen namiji ya tsaya bakin ƙofa shina buɗe goyon matan mutane, wanga don darajarta munka haƙura. In an yi sadakar bakwai za mu zauna."

Namijin da yake nufi ni ne. Ni ne mai gadin gidan likitar garinmu. Na amsa addu'ar da ake yi da amin, sauran maganar na haɗiye ta. Shiru tsohon halina ne, kuma shi ne babban laifina. Ban wuce aji shida a lakol, makarantar boko, ba, rubutuna ba na masana ba ne. Amma na ga yadda ake manta mutum a wurinmu, a yaba shi kwana bakwai, a rushe aikinsa a na takwas. Don kada a yi mata haka na ɗauki alƙalami.

Tun ina yaro take aikin jinya. Ita ce majo, shugabar gidan likitarmu, har shekaru suka sa aka sallame ta aka kawo wani ɗan garin Gazawa ya gaje ta, ya zama sabon majo. Ba ta zauna gida ba. Kullum da safe sai ta yafa mayafi ta tafi, ba wanda ya kira ta, ba kuma wanda ya isa ya ce ta koma.

Wata shekara aka aiko daga Maradi a tura ma'aikata biyu su koyo ceton yaran da ciwo ya kai su gargara. Ta ce da ita za a je. Aka ce horon na waɗanda ke bakin aiki ne. Ta ce, "To ni mi nike yi nan, tallan ƙosai?" Ta hau motar kasuwa ta bi su. Ta tsaya a bayan aji da furfurarta da tabarau mai ɗaurin zare, har malaman suka gaji suka sa aka kawo mata kujera.

Kafin shekara ta zagayo an ɗauke ma'aikatan nan biyu, an kai su wasu garuruwa. Abin da suka koyo ya bi su. Aka sake horar da wasu, aka sake ɗauke su. A nan ne ta yanke shawarar da ta jawo mata surutu har ƙarshen ranta. Ta ce, "Gwamnati tana ɗauke anfarmiye mai jinya, ba ta ɗauke mai shara. Ku ba ni waɗanda ba a ɗaukewa." Ta tara mu: ni mai gadi, da mai shara, da ungozoma biyu, da masu amalanken da ke kawo marasa lafiya daga ƙauyuka. Duk ranar Alhamis bayan la'asar muke zama ƙarƙashin rumfa.

A Maradi da ƴar tsanar roba aka koya musu, mai ƙirjin da ke tashi in an hura. Malaman sun tafi da abarsu. Sai ta ɗinka tata da tsumma, ta cusa mata robar cikin tayar moto a ƙirji. Masu amalanke suka sa wa tsanar suna autar Inna. Mu muna dariya, ita ko murmushi. Ta koya mana abin da za mu duba: ko haƙarƙari na lotsawa in yaro ya ja numfashi, ko tafin hannu ya yi fari, ko hannun ya yi sanyi, ko an taɓa shi bai motsa ba, ko yana jijjiga. Ta koya mana ƙirga numfashi da carbi, waya na cin minti ɗaya, kowane numfashi ƙwaya guda. Ta koya mana matsa balon roba da ke tura iska cikin ƙirjin yaro, da kunna injin iskar da aka kawo mai aiki da hasken rana, da wanke masa mataci don kada ya toshe. Ba ta taɓa cewa mun zama lokotoro, wato likitoci, ba. Cewa take, "Ba magani nike so ku ba da ba. Ku gani, ku ruga, ku kira."

Ɗakin yaran kansa ɗakin ajiye kwalaye ne ta sa aka share. Gado biyu, injin iska ɗaya, da tebur da aka jera komai a kansa yadda hannu zai same shi ko da ido a rufe. In ta tarar an gusar da almakashi daga wurinsa, ranar ba mai shan ruwa da daɗi. Wani baƙo da ya zo duba aiki ya leƙa ya ce wannan ai ba za a kira shi ɗakin ceto ba, kayan ba su kai ba. Ta ce, "Gaskiyarka. Ran da ka kawo wanda ya kai sai mu rufe wanga. Kafin nan matsa, ka tare mani hanya."

Irin maganar baƙon nan na sha jin ta, har a bakin mutanenmu. Wai ceton yaro mai gargara aikin manyan asibitoci ne, mu namu mu ɗora shi a amalanke mu yi ta addu'a. Masu faɗin haka su zo su tambayi Bafulatanar da ta zauna a bakin zaure. Jikanta an kawo shi jikinsa sanyi ƙalau, ko kuka ba ya iyawa. Mai amalanken da ya ɗauko su ɗan rumfar Alhamis ne. Tun a hanya ya sa aka buɗe yaron ya gani, ya kori jakinsa kamar zai kashe shi, ya shigo yana kiran Inna tun daga bakin kasuwa. Ta sa wa yaron iska, majo ya ɗaura masa ruwa, ita kuma ta ɗaga rigarta ta manna shi a ƙirjinta ta rufe da mayafi, tun hantsi har la'asar, ko sallar azahar sai daga baya ta yi. Yaron nan yanzu yana bin maruƙa. Ba duka muka ceta ba, ban ce haka ba. Amma waɗanda muka ceta, a ɗakin kwalayen nan aka cece su.

Dokarta babba a bakin ƙofa take, kuma a hannuna ta sa ta. Duk macen da ta shigo da goyo, kafin gaisuwa, kafin a ba ta lambar layi, a buɗe a duba. Ta ce mini, "Kada ka tambaya. In ka ce ya jiki, za a ce maka da sauƙi. Mu mutanen nan ko ana shirin sallar gawarmu da sauƙi za mu ce. Buɗe ka gani da idonka."

Ku tuna surukuwata ce. Tun da na auri ƴarta ban taɓa haɗa ido da ita ba. In na hango ta a hanya sai in canza lungu, in ba dama in tuɓe takalma in durƙusa. Ita ma ba ta kiran sunana, uban ƴan biyu take ce mini. A gidan likita ta ajiye wannan duka a waje. Ranar farko da na durƙusa gaishe ta a rumfa ta ce, "Uban ƴan biyu, surukuta a gida. Nan in ka durƙusa, yaro na iya tahiya kafin ka miƙe."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na riƙa kai ƙararta wurin matata, ina cewa tsohuwa ta zubar mini da girma gaban masu amalanke. A rumfar Alhamis can baya nake zama, wani lokaci har da gyangyaɗi. In ba ta kusa, dattawa nake sawa gaba a layi, domin haka aka rene ni, yaro shi ke jiran babba.

Wata ranar kasuwa ta kama ni. Taubashin nan nata ya zo da ciwon gwiwa, na ba shi lamba ta ɗaya, na kawo masa kujera. Ta fito ta bi layi tana ɗaga zannuwa, ta zaro wata jaririya daga can ƙarshe, ta wuce da ita ta gabansa.

Ya ce, "Ke tsohuwar banza, ni da na zo tun ba kowa?"

Ta ce, "Gwiwarka ta yi shekara saba'in tana jira, ba yau za ta gudu ba."

"Da ni na aure ki da na gyara ki."

"Da kai ka aure ni da tuni an ci sadakar arba'in ɗinka. Zauna, bawana."

Aka yi dariya, har shi. Ni kuma ta dube ni. Na gyara na sati biyu, na koma halina.

Yanzu zan faɗi abin da na ɓoye shekara uku.

Damina ce, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara gida-gida. Ranar kasuwa, layi ya fita har waje. Da hantsi sai ga matar ƙanena ta sauko daga amalanke, goyo a baya, hijabi ya rufe shi ruf. Ɗanta na fari ne, wata takwas. Mahaifiyarmu ce ya kamata ta kawo shi, amma tana gona, ƙanena ma yana gona, ana tsakiyar noman maimai.

Kun san yadda muke. Mace ba ta nuna damuwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in yana kuka sai ta kau da kai kamar ba nata ba. Kun kuma san tsakanin wa da matar ƙanensa. Ba ya kallon fuskarta, ba ya zama inda take, balle ya kai hannu jikin zanenta. Ta durƙusa nesa da ni. Ni kuma na juya ina kallon katanga.

Na ce, "An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya mai jikin?"

"Da sauƙi."

Na miƙa mata lamba ta hannun wata mata. Na san dokar sarai. Matan da suka zo kafin ita duk na buɗe nasu, waɗanda suka zo bayanta ma na buɗe. Ita kaɗai na tsallake. A raina na ce bari mai shara ta dawo daga rijiya ta duba mini. Mai shara ta dawo, wani dattijo ya tsayar da ni da gaisuwa, na manta. Matar ƙanena kuma ta je can ƙarshen rumfa ta zauna, ta ba mutane baya. Daga baya ta gaya wa matata cewa tana jin jikinsa yana saki a bayanta, tana jin numfashinsa yana canzawa, amma ta rasa bakin da za ta ce wa wan mijinta ɗanta na fari zai mutu.

Rana ta kusa tsaka lokacin da Inna ta fito daga ɗakin yara ta bi layi kamar yadda ta saba. Ta ɗaga hijabin matar ƙanena. Ta kwance goyon da hannu ɗaya ta ruga. Tsohuwa mai ciwon baya, ban taɓa ganin ta da gudu irin na ranar ba. Tana gudun ta kira ni da sunana na yanka, gaban kowa, sunan da bai taɓa fita daga bakinta ba. Na bi ta.

Tafin hannun yaron fari fat. Majo ya nemi jijiya ya rasa, ya sake nema. Inna ta sa masa iska, ta shafa masa sukari ƙarƙashin harshe, ta miƙo mini balo ta ce, "Matsa, ina ƙirgawa." Na matsa. Ƙirjinsa na tashi yana sauka daidai da na tsanar tsumman da na yi ta yi wa dariya. Jini yake buƙata, jini kuwa sai Gidan Rumji. Majo ya kira motar ɗaukar marasa lafiya. Kafin ta iso Inna ta ɗora hannunta a kan nawa ta ce, "Bari haka nan."

Ita ta naɗe shi da mayafinta. Da ƙanena ya iso daga gona, laka har gwiwa, ya tambaye ta, "Inna, makara anka yi?" Ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Ka yi haƙuri." Ba ta dubi inda nake ba.

Bayan an watse ta kira ni ɗakin yara ta rufe ƙofa. Na durƙusa. Ta ce, "Tashi ka dube ni." Na ɗaga kai, karo na farko tun da na auri ƴarta. Idanunta sun yi ja.

"Ka buɗe?"

"Ban buɗe ba, Inna."

"Don mi?"

"Kunya."

Ta ce, "Ko da ka buɗe, ban san ko zai rayu ba, Allah kaɗai ya sani. Amma da mota ta tashi da shi tun da hantsi. Wanga kai ka hana." Na sunkuyar da kai, ta ce in ɗaga. "Ba ni faɗa ma ƙanenka. Ba don kai ba, don uwarku, kada gida ya rabe mata biyu da tsufanta. Amma daga yau kai za ka koyar da duba goyo duk Alhamis. Kai ka san abin da rashin dubawa yake ci."

Haka aka yi. Na bar bayan rumfa na koma gaba. Masu amalanke suna mamakin yadda mai gyangyaɗi ya zama mai faɗa, har suna cewa tsohuwa ta yi mini asiri. Ita ba ta sake tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Ba ta kuma yaba mini da baki. Sai dai duk ranar da na buɗe goyo na shigo da yaro a kan lokaci, da yamma za a aiko da ƙwaryar fura daga gidanta, matata tana tambayar dalili, ni ina shan furar ina kau da zancen.

Matar ƙanena ba ta faɗa wa mijinta ba, domin ita ma gani take laifinta ne. Muka zauna gida ɗaya, kowa riƙe da rabin abin. Bara mahaifiyarmu ta rasu. Na ce a raina yanzu ba sauran uzuri, zan faɗa masa. Na sake yin shiru.

Ciwon ajalin Inna bai daɗe ba. Kwana biyu kafin ta cika na je gaishe ta, na tsaya daga bakin ƙofa yadda suruki ke yi. Na ce, "Inna, ya jikin?" Ta ce, "Har kai tambaya kake? Shigo ka duba." Na shiga. Na kalli numfashin, na riƙa hannun na ji sanyinsa. Ta ga na gane. Ta ce, "To, ka iya. In na tahi za su ce a daina. Ban bar maka wasiyya ba, kai ka san abin da ke hannunka."

Washegarin sadakar bakwai kwamiti ya zauna a rumfar gidan likita. Dattawa da liman da majo suna kan tabarma, mutanen gari tsaye kewaye da su, har da ƙanena. Taubashin Inna ya ce shi ba ya ƙin ɗakin yara, a bar wa majo shi. Amma mai gadi ya koma buɗe ƙofa da raba lamba, masu amalanke su koma wa jakunansu, a daina zaman Alhamis. Ya ce, "In jikin yaro ya yi tsanani, ai uwarsa tana da baki."

Majo ya ce shi kaɗai ne, in yana cikin ɗaki ba ya ganin layi, kuma shi ma bai san ranar da takardar canjinsa za ta zo ba. Aka gyaɗa masa kai, amma na ga inda zaman ya nufa. Dattawa sun riga sun gama magana tun a gida.

Na miƙe. Na ce, "Baba, uwa tana da baki, amma ba kullum take iya buɗe shi ba." Sai na faɗi komai. Na faɗi ranar, na faɗi ɗan wane ne, na faɗi yadda na juya ina kallon katanga, da yadda na buɗe na gaba da na baya na tsallake nasa. Na ce, "Abin da kuke so a koma ma, ni na gwada shi. Na tambaya, anka ce mani da sauƙi, na ba da lamba. Kabarin shina nan gabas da gari, kowa ya san shi. In kun ga dama ku kore ni daga gadi, na cancanta. Amma muddin ina bakin ƙofar nan ba goyon da zai wuce ni a rufe. Malam liman ya yi haƙuri, ko na iyalinsa ne sai na buɗe."

Ban iya duban ƙanena ba, sai ƙarar takalmansa na ji yana fita. Can taubashin Inna ya ce, "Ashe abin da ta riƙe ke nan, muguwar tsohuwa, ko ni ba ta faɗa ma ba." Ya sake kai bakin rawani ido.

Liman ya ce rai yana gaba da kunya, wannan ba gardama, amma in an samu mace ta zauna ƙofar zai fi kwanciyar hankali. Wani ya ce, "Wace mace za ta bar daka da gona ta zo ta zauna nan?" Aka tashi a kan in ci gaba da buɗewa zuwa kaka, in ba a samu mace ba a sake zama. Ban ci nasara ba ke nan, jinkiri aka ba ni. Na karɓa, domin daga nan zuwa kaka shi ne lokacin da zazzaɓi ya fi cin yara.

Ƙanena bai yi mini magana ba ranar, bai yi ba washegari. Ya daina cin tuwo a kwano ɗaya da ni, in na shigo gida shi sai ya fita. Ban ga laifinsa ba. Shekara uku yana gaishe ni da girmamawa, ni ina amsawa.

Ran Alhamis bayan la'asar na share rumfa na shimfiɗa tabarma, ban san ko wani zai zo ba. Masu amalanke uku suka zo, da mai shara, da ungozoma ɗaya. Muna shirin farawa sai muka ji moto ta tsaya a bakin ƙofa. Ƙanena ne, matarsa a baya. Bai kashe moton ba. Ta sauka. Bai gaishe ni ba, bai dube ni ba, gabansa yake kallo.

Ya ce, "Ita ta ce a kawo ta. Ka koya mata."

Ya juya ya tafi.

Ta tako har cikin rumfa. Masu amalanke suka matsa mata, ta zauna a gaba, dab da ni. Na rasa ta inda zan fara. Ita ce ta ɗaga kai ta dube ni.

Ta ce, "Yaya, fara da abin da ya kamata a gani a jikin ɗana ran nan."

Na ce a raina, Allah ya yafe miki, Inna, ya sanyaya makwancinki, ya sa kin huta. Sannan na buɗe tafin hannuna na fara.